Autel AL519 da adaftar ELM327: wanne ya fi taimako wajen shirya mota don gwajin hayaƙi?

A yawancin jihohin Amurka da ke gwajin hayaƙi, motar da aka ƙera daga 1996 zuwa sama ba a cika cusa mata komai a salansa ba. Mai gwaji yana jona kwamfutarsa ne a soket mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ya yi wa ƙwaƙwalwar motar tambaya uku: fitilar cek-inji tana kunne? Akwai lambar matsala a ajiye? Motar ta gama binciken kanta? Wannan ta ukun ce ke mayar da mutane gida da mota lafiyayya. An canza batir makon jiya, ko makaniki ya goge lamba bayan gyara, sai duk sakamakon binciken ya koma sifili, motar ta ce ba ta shirya ba.

Waɗannan gwaje-gwajen da ƙwaƙwalwar mota ke yi wa kanta su ake kira monita. A motar fetur guda uku suna aiki kullum muddin inji yana tafiya: na tsallaken wuta a silinda, na tsarin mai, da na sauran sensoci da wayoyinsu. Waɗannan ba su cika ba da wahala ba. Masu taurin kan su ne waɗanda sai an cika musu sharuɗɗa kafin su tashi: katalis mai tace hayaƙi a cikin salansa, sensar oksijin, hitar sensar oksijin, EVAP mai kula da tururin fetur, EGR mai mayar da ɗan hayaƙi cikin inji, da famfon ƙarin iska idan motar tana da shi. Ƙa'idar hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta yarda a bar guda biyu ba su kammala ba a motocin 1996 zuwa 2000, guda ɗaya kuma daga 2001 zuwa sama, amma jiha tana iya tsaurarawa, California ma ta tsaurara. Don haka kafin a sayi kowace na'ura, a fara sanin dokar wurin da za a yi gwajin.

Na'urori biyun da aka fi saya don wannan aiki su ne sikana ta hannu irin Autel AL519, da ƙaramar adafta mai suna ELM327 da ake haɗawa da waya. Babu ɗaya a cikinsu da za ta iya kammala monita. Wanda ya ce maka irin waɗannan na'urorin suna yi, ko dai bai san aikin ba ko kuma yana sayar maka da abin da doka ta hana. Monita tana kammala ne idan motar ta gudanar da gwajinta da kanta, galibi yayin tuƙi. Aikin na'ura shi ne ta gaya maka wacce ta rage, sannan, abin da ya fi muhimmanci, ta nuna maka dalilin da ya sa ta ƙi kammala. A kan wannan na biyun ya kamata a auna su.

AL519 ba ta da batir, daga ƙafa ta 16 ta soket take shan wuta. Ka jona, ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ta nemo yaren da motar ke magana da shi da kanta. Yarukan biyar ne, kuma tana jin dukansu: J1850 iri biyu na tsofaffin Ford da GM, ISO 9141-2, KWP2000, da CAN wanda ya zama dole a Amurka daga ƙirar 2008. Idan ka jona fuskarta ba ta kawo haske ba, kada ka zargi na'urar tukuna, duba fis. A motoci da yawa soket ɗin yana raba fis da soket ɗin kunna sigari, kuma soket marar wuta shi kaɗai ya isa a kayar da mota a wurin gwaji.

Abin da kamfanin ya fi tallatawa shi ne maɓallin I/M, wato na duba ko mota ta shirya wa gwajin hayaƙi. Danna sau ɗaya, sai dukkan monitoci su bayyana a fuska guda, tare da fitilu uku a jikin na'urar: kore, rawaya, ja. Maɓallin yana aikinsa, kuma ga wanda ke son amsa cikin minti ɗaya ba laifi. Sai dai fitilun ba su san dokar jiharka ba. Rawaya tana kamawa ko da monita ɗaya tak ta rage, alhali a wurare da dama motar za ta wuce a haka. Haka kuma rawayar ce ke kamawa idan akwai lambar da ke jiran tabbaci, wato matsalar da motar ta hango amma ba ta riga ta tabbatar ba, wanda shi kuma babban al'amari ne. Launi ɗaya, ma'ana biyu masu nisa da juna. A karanta rubutun, a bar fitila. OK na nufin an kammala, INC ba a kammala ba, N/A kuma motar ba ta da wannan tsarin kwata-kwata, ba laifi ba ne. Mutane da yawa suna ɓata mai suna neman kammala monitar da masana'anta ba ta taɓa sanya wa motarsu ba.

Akwai wani wurin da ake yawan ruɗewa. Na'urar tana nuna jeri biyu a motocin da ke ba da su: halin monitoci tun daga ranar da aka goge lambobi, da halinsu a wannan tuƙin na yanzu. Na farkon shi mai gwaji ke karantawa. Na biyun yana komawa baya duk lokacin da aka kashe mota aka sake tayarwa, don haka ganin INC a cikinsa da safe ba abin tashin hankali ba ne.

Inda AL519 ta cancanci kuɗinta shi ne Mode 6, wato sakamakon gwajin da kowace monita ta yi, da lambar da ta samu, da mafi ƙaranci da mafi yawan abin da aka yarda da shi. Ƙanwarta AL319 tana da maɓallin I/M da fitilun nan uku, amma ba ta da wannan, kuma saboda shi kaɗai ya fi kyau a tsallake ta. A motocin CAN lambobin da ke nuna kowane gwaji a tsare suke: $01 da $02 sensocin oksijin na gaba da na bayan katalis a ɓangaren inji na ɗaya, $21 katalis, $31 EGR, $39 zuwa $3D na EVAP, $41 hitar sensar gaba, $A2 kuma tsallaken wuta a silinda ta ɗaya, sauran silindoji suna biye. Bayan an goge, yawanci sifili za ka gani ko'ina. Idan lambobi sun fara shigowa, gwajin ya fara gudana. Idan ka ga sakamakon katalis yana dab da iyaka, to ka gano dalilin jinkirin: wasu ƙwaƙwalen ba sa yanke hukunci da gwaji ɗaya idan katalis ya tsufa, sai su yi ta maimaitawa, kuma ƙarshenta ko OK ta fito ko P0420, lambar da ke nuna katalis ya gaza. A tsofaffin motocin da suka riga CAN kuwa, lambobin Mode 6 na kowace masana'anta daban ne, na'urar za ta zubo maka su tsirara, sai ka nemi littafin gyaran motar kafin su yi ma'ana. Nan AL519 ba ta taimaka sosai ba.

Rauninta na gaske shi ne fuskar ƙarama ce, kuma idan ka zaɓi bayanai da yawa lokaci guda a tsohuwar mota mai ISO 9141-2, sabuntawar tana jan ƙafa har ba za ka ga rawar sensar oksijin da kyau ba. Maganinsa a zaɓi uku ko huɗu kawai. Igiyarta kuma tana lilo kusa da birki da totur, dole a ɗaure ta gefe kafin a hau titi. Inji kawai take karantawa, ba ruwanta da birkin ABS ko jakar iska. Sannan maɓallin gogewa yana nan kusa, tambaya ɗaya take yi kafin ta share komai. Goge lamba kwana biyu kafin gwaji gyaran gangar Auzinawa ne: fitila ta mutu, amma duk monitocin sun koma INC, hoton yanayin da inji yake ciki lokacin da matsalar ta faru ya tafi, Mode 6 ya koma sifili, matsalar kuma tana nan daram.

Goge-gogen ma ya daina ɓoye komai a sababbin motoci. Daga ƙirar 2010 akwai lambar dindindin, wadda sikana ba ta goge ta, cire batir ma ba ya goge ta, sai motar ta sake gwada wannan tsarin ta ga ya warke. California ta fara kayar da mota a kan irin wannan lamba tun watan Yulin 2019, sai dai idan motar ta yi ɗumi 15 ta kuma yi tafiyar mil 200, kusan kilomita 320, tun bayan gogewar. Dukkan alƙaluman biyu suna cikin bayanan da na'urar ke nunawa kai tsaye, PID 30 na yawan ɗumi da PID 31 na nisan tafiya, kuma su ma mai gwaji yana ganinsu. Ɗumi ɗaya a lissafin motar fetur shi ne ruwan inji ya ƙaru da aƙalla digiri 22 a ma'aunin Salshiyos daga inda ya tashi, ya kuma kai 71. Kashewa da kunnawa sau goma sha biyar a ƙofar gida ba ya ƙirguwa.

Adaftar ELM327 kuma labarinta daban ne. Asalin guntun lantarkin da ke cikinta na kamfanin Elm Electronics ne na Kanada, wanda ya rufe a 2022. Kusan duk masu arahar da ke kasuwa jabu ne, an kwafo su daga tsohon zubi. Wanda aka rubuta wa v1.5 shi ne ya fi yawa, alhali kamfanin bai taɓa fitar da zubi mai wannan lamba ba. Abin mamaki, cikin jabun ma waɗannan sukan fi waɗanda aka rubuta wa v2.1 aiki, don da yawa daga na biyun an rage musu kaya, CAN kawai suke ji da kyau, su yi shiru a gaban Ford ko GM na shekarun 1990. Ba ka sanin abin da ka saya sai ka jona. Mai tsohon Bluetooth tana aiki da Android, lambar haɗawa galibi 1234 ce ko 0000, amma iPhone ba ya karɓarta, sai mai Wi-Fi ko sabon Bluetooth mai ƙarancin shan wuta.

Idan aka dace da mai kyau, aka haɗa ta da manhaja irin Torque, Car Scanner ko OBD Fusion, tana yin abin da AL519 ba ta iyawa: ta ajiye duk tafiyar a waya, ka dawo gida ka duba a natse a wane minti ruwa ya kai zafi, a wane gudu aka tsaya, yaushe sensar baya ta fara motsi. Ga monitar da ta maƙale makonni, wannan ya fi kowace fitila amfani. Wasu manhajojin ma suna fassara Mode 6 da sunaye maimakon lambobi. Matsalar ita ce amana. Jabu tana yanke haɗi a tsakiyar tafiya, wata tana yanke doguwar amsa ta bar rabi, sai ka rasa ko motar ce ke da laifi ko adaftar. Kuma ba ta barci, tun da ƙafa ta 16 tana da wuta ko mota a kashe take. Aka manta da ita a motar da aka ajiye makonni, batir ya sauka, monitocin da aka sha wahalar kammalawa suka tafi tare da shi. Wanda ke son hanyar waya da gaske ya nemi adafta mai sunan kamfani irin OBDLink, wadda ke kashe kanta idan an ajiye mota.

A ganinmu, mai mota ɗaya da ke son ya san matsayinsa kafin gwaji, AL519 ta fi masa, don abin da ta faɗa ba sai an sake tantance shi ba. Mai son bin diddigi kuma ya san abin da yake kallo, adafta mai kyau da manhaja sun fi faɗi. Jabu ta rage ga wanda ke da wata na'urar da zai tabbatar da ita.

Ko wacce aka riƙa, aikin iri ɗaya ne, kuma ba da tuƙi ake farawa ba. A fara duba lambobi iri uku: ajiyayyu, masu jiran tabbaci, da na dindindin. Lamba mai jiran tabbaci ba ta kunna fitila, amma tana iya dakatar da duk monitar da ta dogara da wannan ɓangaren. Monitocin suna bin juna ne: sai hita ta wuce kafin a gwada sensar oksijin, sai sensa ta wuce kafin a gwada katalis. Don haka idan katalis da oksijin duka INC ne, ba katalis ake tuhuma ba, a koma baya. Sannan a duba zafin ruwa bayan tafiyar kwata awa a babban titi. Lafiyayyen inji yana zama tsakanin digiri 85 da 105. Idan yana yawo a 70, tamostat ya maƙale a buɗe ko wani ya cire shi, kuma sau da yawa monitoci za su tsaya cik tun kafin P0128, lambar da ke nuna ruwan inji bai kai zafin da ya kamata ba, ta fito. Wannan shi ne dalilin da aka fi tsallakewa, ga shi kuwa cikin gyare-gyare mafi sauƙi. A duba gyaran mai na dogon zango, wato yawan man da ƙwaƙwalwar ke ƙara wa inji ko rage masa: abin da ya haura kashi 10 cikin ɗari, sama ko ƙasa, yana nuna tiyo mai shan iska ko sensar iska mai datti. A auna batir, a kashe ya kai volt 12.4 zuwa 12.6. Mai rauni yana iya faɗuwa ƙasa sosai lokacin tayarwa har ƙwaƙwalwar ta manta abin da ta tara, kuma alamarsa ita ce PID 31 ya koma sifili ba tare da kowa ya goge komai ba.

Mai a tanki ya kasance tsakanin kashi 15 da 85, mafi aminci tsakanin kwata da kwata uku. Cika tanki maƙil don shirin doguwar tafiya shi ne hanyar da ta fi saurin hana EVAP tashi.

Sai tuƙin kansa. Kowace masana'anta da nata zagayen, kuma na littafin motarka shi ne gaba da kowanne. Amma na GM ya shahara don yana aiki a motoci da yawa. Mota ta kwana, ruwan inji ƙasa da digiri 50, kuma tazararsa da zafin iska kada ta wuce digiri 6. Ana ganin duka biyun a na'ura, amma a gaggauta, don barin makulli a kunne kafin tayarwa yana iya ɗumama sensar oksijin ya ɓata gwajin hita. A tayar, a bar ta a silo minti biyu da rabi da na'urar sanyaya da hitar gilashin baya a kunne. A kashe su, a taka rabin totur zuwa kilomita 88 a awa, a riƙe nan minti uku. A ɗage ƙafa, a bar ta ta gangaro da kanta zuwa 32, ba birki, ba kuloci, ba canza giya. A sake takawa da ɗan ƙarfi, kamar kwata uku, zuwa 88 ko 96, a riƙe minti biyar ƙafa ba ta rawa, a sake gangarowa. Gangarowar nan ita mutane ke rainawa, alhali a cikinta motoci da yawa ke gwada EGR, a cikinta kuma ake yanke mai a ga yadda sensar baya ke amsawa. Riƙon minti biyar ɗin na katalis ne, kuma yana iya neman a maimaita har sau biyar. Gudu fiye da kima ba ya ƙara komai, hasali ma yana fitar da inji daga tsakanin iyakokin da gwajin ke so. A zaɓi titi shimfiɗaɗɗe a lokacin da babu cunkoso, wani ya riƙe na'urar, direba ya kalli hanya.

EVAP ita ce ta ƙarshen kammalawa kusan kullum, kuma tuƙi ba ya hanzarta ta. Tana neman ɓular da ba ta wuce rabin milimita ba a sababbin motoci, shi ya sa take da tsirfa. Ford tana so mota ta huta awa shida zuwa takwas, zafin gari kuma tsakanin digiri 4 da 38. Toyota da yawa suna yin nasu gwajin ne bayan an kashe mota da kamar awa biyar, da wani ɗan famfo da ake jin ƙararsa a ƙarƙashin mota cikin dare. Wanda ke yawan tayar da ita don ya duba shi ke katse gwajin da hannunsa. A tsananin sanyi ko a kan dutse mai tsayin da ya kai kusan mita 2,400, tana iya ƙin tashi gaba ɗaya, kuma wannan na cikin dalilan da doka ta bar gurbin monita guda. Kafin a zargi bawul ko gwangwanin gawayin da ke tara tururin fetur, a duba robar murfin tanki. P0455, lambar babban yoyon tururin fetur, sau da yawa murfi ne da ba a ɗaura da kyau ba.

Wasu motocin suna ba da amsar ba tare da na'ura ba. A Ford, a kunna makulli ba a tayar ba a jira daƙiƙa 15: fitilar cek-inji ta ƙifta sau takwas, ba ta shirya ba. A Honda ƙiftawa biyar ce. Wannan yana gaya maka e ko a'a kawai, ba ya faɗin wacce ta rage, amma ya isa ka tabbatar da abin da adafta mai shakku ta nuna. Tsofaffin Ford kuma suna ajiye P1000 har sai an kammala komai, ba matsala ba ce, kuma goge ta yana mayar da kai farko ne.

Mai sabuwar mota ya tambaya kafin ya biya kuɗi: akwai sabon yare, J1979-2, da California ta wajabta daga ƙirar 2027, wasu motocin ma sun riga sun fara zuwa da shi, kuma ba kowace tsohuwar na'ura ke jinsa ba. Ranar gwaji kuma a duba jerin farko, wato halin monitoci tun daga goge lambobi, sau ɗaya da safe, a zare na'urar da duk wani abu da ke maƙale a soket, har da na kamfanin inshora, a kai motar da ɗuminta.